Wai me ya haɗa maganin suga da hanta?

Maman Biyu: Salam jama'a, dan Allah Babanmu ne yake da ciwon suga, likita ya ɗora shi kan metformin yace wai a hanta yake aiki, to ba a jini sugan yake ba?

Ɗan Kemis: Wa'alaikissalam Hajiya. Ai hanta da kanta tana haɗa suga ta zuba a jini in mutum bai ci abinci ba, akwai ƙwayoyin halitta a cikinta irin su PEPCK da G6Pase masu ba da umarnin aikin nan, in an ƙoshi insulin (sinadarin jiki mai sauke suga a jini) ne yake tsayar da su, amma mai ciwon suga hantarsa bata jin maganar insulin sosai sai tai ta zubowa. Metformin yana taimakawa wajen rage musu ƙarfi.

Anti Nas: Hakane wlh. Dexamethasone kuma da 'yan mata suke sha don ƙiba akasin haka yake yi, ƙara kunna ƙwayoyin halittar nan yake suga ya hau, abin yana damuna sosai. Ki tabbata likita ya san duk abinda Baba yake sha, har na gargajiya.

Maman Biyu: Nagode Anti, Allah ya saka. Zan kai masa ledar magungunan gaba ɗaya.