Wai da gaske a Ingila za ka iya ratsa gonar mutum ba tare da ka tambaye shi ba?

Sabon_shiga:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka kwana biyu a ƙasar nan ku taimaka min da bayani. Karatu nake a Sheffield, zaman ɗaki ya ishe ni wlh, daga aji sai ɗaki sai kanti. Wani Bature ɗan ajinmu ya ce in hau jirgin ƙasa in sauka wani ƙauye wai shi Grindleford, akwai hanyoyin ƙafa da suka bi ta kurmi da gonaki har ƙauyen gaba. Na duba hotuna na ga hanyar ta tsakiyar tumakin mutane ta bi, har da su tsallaka katanga. To ni dai inda na fito ka tsallaka shingen mutum ka shiga cikin dabbobinsa ai sai gaban mai unguwa. Ga ni baƙo, bizar karatu gare ni, ba na son abin da zai haɗa ni da 'yan sanda. Doka ta yarda ne ko yaron nan kai ni zai yi ya baro?

Kawu_Manchester:
Wa alaikumussalam ɗana. Gaskiya ya faɗa maka, amma rabi ya faɗa. Ba gonar aka ba ka ba, hanyar kawai aka ba ka. Gona tana nan ta mai ita, amma waccan 'yar siririyar hanya da ta ratsa ciki haƙƙin kowa ce, ko kai da ka sauka jiya, manomi ba shi da ikon ya toshe ta ko ya kore ka. Irin waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales sun kai wajen mil 140,000. Kai in ya yi huɗa ya birkice wadda ta ratsa tsakiyar gona, doka ta ba shi kwana 14 ya gyara ta ta fito yadda mai tafiya zai gane ta.

Abin lura shi ne kibiya. Za ka gan ta manne a jikin turke ko ƙofar shinge, 'yar ƙarama ce a cikin da'ira. Ruwan ɗorawa ta masu ƙafa ce zalla, shuɗiya kuwa har doki da keke suna bi, saboda haka kar ka sa abin kunne ka toshe kunnuwanka. Katangar da ka gani ba haurawa ake ba, akwai matakala ta dutse ko ta katako da aka yi don mutum ya wuce tunkiya ta kasa, wani wurin kuma tsaga ce a jikin katanga sai ka karkace za ka shige. Muddin kana kan hanyar ba mai ce maka kanzil. Ka kauce ka kutsa cikin shuka ko ka je kana leƙen rumbunsu, to nan ne mai gona zai fito ya yi maka magana, kuma shi ke da gaskiya.

Kuma kar ka ɗauka tun fil azal komai a buɗe yake. A 1932 ma'aikata daga Manchester da Sheffield suka yi gangami suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, nan kusa da ku, lokacin masu ƙasa sun killace shi don farautar tsuntsaye, aka yi ta dambe da masu gadi, har aka ɗaure mutum 5. A 1949 aka yi dokar da ta sa ƙananan hukumomi su zana kowace hanya a taswira, 1951 yankin Peak District ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, wato yankin da hukuma ta keɓe don kare kyansa da shaƙatawar jama'a. Grindleford ɗin a ciki yake. Je ka abinka.

Maman_biyu:
Ƙanena ni ba 'yan sanda nake ji maka ba, shanu nake ji maka. Tumaki ba ruwansu, kana matsowa suke watsewa. Amma saniya mai ɗan maraƙi ba ta da wasa ko kaɗan, kar ka kuskura ka shiga tsakaninta da ɗanta, ka zagaye su nesa nesa a hankali, ban da gudu ban da ɗaga murya, in ka ga sun taru sun tsare hanyar gaba ɗaya ka haƙura ka juya, ba gasa ake ba. An sha samun waɗanda shanu suka tattake a ƙasar nan, yawanci masu kare ne.

Sai ƙofa, yadda ka same ta haka za ka bar ta. A rufe ka rufe ka tabbata sakatar ta kama, a buɗe ka bar ta a buɗe don wataƙila manomin ne ya bari dabbobi su je shan ruwa.

Wurin kuma yana da kyau masha Allah. Daga tashar Sheffield wajen minti 15 ne, jirgin da ke zuwa Manchester ta Hope Valley, za ku shiga wani dogon rami ƙarƙashin dutse, kuna fitowa haske sai tashar. Daga nan in ka yi sama Padley Gorge ne, kurmi ne na tsofaffin bishiyoyi duk sun murɗe, duwatsu sun yi kore shar da gansakuka, rafi na gangarowa ruwan ja-ja kamar an jiƙa shayi, yarana har yanzu ba su yarda ba shayin ba ne. In ka yi ƙasa kuma sai ka bi bakin kogin Derwent ta cikin makiyaya har Hathersage, can ma akwai tasha sai ka hau jirgi ka koma, ba sai ka maimaita hanya ba. Amma dan Allah kar ka je da farin kambas ɗin nan naku na 'yan makaranta, taɓo ne har idon sawu.

Dan_Funtua:
Hhh Allah mai iko. Mu nan muna addu'ar mashin don mu huta da tafiyar ƙasa, ku kuna biyan kuɗin jirgi ku je ku yi ta. Amma maganar Kawu ta taɓa ni gsky. Ai mu ma muna da burtali, an bar shi tsakanin gonaki don shanu su wuce, kowa ya san iyakarsa, yanzu je ka duba, wannan ya ci taku biyu wancan ya ci taku uku har ya zama kunya ɗaya, shi ke nan damina na yi sai rigima.

Kawu_Manchester:
Ɗan Funtua su ma fa ba waliyyai ba ne. Akwai manomin da zai bar ƙaya ta cinye hanya ko ya ɗaure ƙofa da igiya ko kibiyar ta ɓace ba a san wa ya cire ba. Bambancin kawai hanyar tana rubuce a taswirar hukuma, kuma akwai tsofaffi 'yan ƙungiyar masu yawon ƙafa ta Ramblers da ba su da aiki sai bin ta, suna ganin an toshe za su kai ƙara kansila, ba sa gajiya da rubuta wasiƙa.

Sabon_shiga:
Na gode ƙwarai Kawu, na gode Anti, hankalina ya kwanta. Saura abu biyu, Google Maps ya isa? Sannan salla fa, in azahar ta same ni a daji ba matsala in shimfiɗa abin salla?

Maman_biyu:
Google bai san rabin hanyoyin nan ba, kuma sabis na ɗaukewa a cikin kwari. Sauke manhajar OS Maps ka ajiye taswirar a waya tun kana gida, ko ka sayi ta takarda mai suna Explorer, hanyar ƙafa ɗigo-ɗigo ce koriya. Salla kuwa mu dai gefe muke samu inda ba mu tare wa kowa hanya ba mu yi abinmu, iyaka mai wucewa ya gaishe ka ya wuce, a ƙauye suna gaisuwa ba kamar cikin gari ba, ka amsa. Ka yi alwala tun daga gida don ruwan rafin nan sanyinsa sai ya sa ka hawaye, ka sa leda ƙarƙashin sallaya saboda ciyawa a jiƙe take ga kashin tumaki. Karnukan masu yawo ma suna zuwa shinshina mutum, ka ce wa mai shi ya riƙe abinsa, suna ji. Ka cusa ƙafar wando cikin safa in za ka ratsa doguwar ciyawa saboda kaska, tana sa ciwo. Sannan in lokacin sanyi za ka, a Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, kurmi kuma ya riga ko'ina duhu, don haka jirgin safe za ka bi, kuma ka duba lokacin na dawowa tun kafin ka bar tasha don ba kowane lokaci yake tsayawa a ƙananan tashoshin ba, musamman ran Lahadi.