Wane fom ya fi dacewa da gilaida mai rimot?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina so in haɗa gilaida, jirgin nan mara inji da ake jefawa da hannu a riƙa juya shi da rimot, faɗin fukafukansa kamar mita ɗaya da rabi. Ina da farin fom irin na cikin kwalin firij, zai yi ko sai na nemi wani? Ban taɓa tuƙa irinsa ba.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Wannan farin shi ake kira EPS, ba nauyi kam amma gautsi gare shi, da ya daki ƙasa da hanci za ka ga ƙwayoyinsa suna warwatsewa. Tunda sabon hannu ne kai wallahi wani nau'in fom da ake kira EPP za ka nema, shi lanƙwashewa yake ya dawo yadda yake, kuma mai koyo dole jirginsa ya sha faɗuwa, to gara abin da za ka ɗauka ka kakkaɓe ka sake jefawa da wanda za ka koma gida kana liƙi. Matsalarsa yana da laushi, sai ka tsaga layi a fiffike ka saka sandar kabon ka bi samansa da salatif mai zare, in ba haka ba fiffiken zai riƙa murɗewa a iska.

Amsa ta biyu: Malam ka faɗi gaskiya amma ni XPS na fi so, shuɗi ko ruwan hoda da ake sawa a bangon gini don tare zafi da sanyi. Samfefa na cinsa sumul, siffar fiffike na fita tsaf, shi ko EPP in ka goga sai ya yi gashi-gashi. Gilaida ba inji, siffar nan ita ke riƙe shi a sama.

Amsa ta farko: Haka ne yallabai, amma XPS karyewa yake tas. Ya bari sai jirgi na biyu.

Amsa ta uku: Ɗan'uwa ka kula da gam, sufa gulu na yau da kullum da fentin fesawa suna narkar da EPS da XPS nan take, rami za ka gani. Gam irin efoksi ko UHU Por ba sa cin fom ɗin. Wajen yanka kuma wayar nikrom mai zafi ake amfani da ita, ka yi a inda iska ke shiga sosai kar ka shaƙi hayaƙin.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To jelar fa?

Amsa ta biyu: Depron, wato fallen fom, mai kaurin milimita 6 ya isa. Kar ka cika mata gam, duk nauyin da ka ƙara a jela sai ka ƙara fiye da shi a hanci kafin jirgin ya daidaita.