Neman Shawara: Dattijo Ya Daina Sallah Saboda Robar Fitsari, Ina Iyakar Aikina?

Mai tambaya, ma'aikaciyar jinya a sashen maza:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai. Ban daɗe da fara aikin jinya ba, kuma an tura ni sashen maza na wani asibitin gwamnati. Akwai wani dattijo da aka kwantar mana saboda toshewar fitsari irin wadda ke samun maza idan shekaru suka ja, an sa masa robar fitsari, ana jiran ranar da za a yi masa tiyata. Tun da aka sa masa robar nan ya daina sallah, yana cewa ba zai tsaya gaban Ubangijinsa da jakar fitsari rataye a jikinsa ba. Abinci sai an yi da gaske yake karɓa, da dare kuma sai in same shi ido biyu, carbi a hannu, hawaye na bin gemunsa. Shekaranjiya na tarar ɗansa ya zare bututun daga jakar ya ɗaure bakinsa da leda, domin mahaifin nasa ya samu ya yi ko da Azahar da La'asar cikin tsarki. Bayan haka, kullum da safe ana kawo masa rubutu a jarka daga gida.

Da na kai maganar ga wata da ta riga ni fara aiki, sai ta ce ni ba malama ba ce, in ba shi magani, in auna abin da aka ce in auna, in bar sha'anin addini ga iyalinsa. Zuciyata ba ta kwanta da wannan amsa ba, amma kuma ina tsoron in yi fatawa ba da ilimi ba, ga shi kuma sa'an kakana ne, ina jin nauyin yi masa maganar tsarki. Shin wannan yana cikin aikina? Idan yana ciki, ta ina zan fara, kuma yaya zan yi da batun rubutun tunda tiyata na gabatowa?

Amsa daga wata tsohuwar sista da ta yi ritaya:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah Ya yi miki albarka da kika lura da hawayen mutumin nan, domin da yawa jakar fitsarin kawai za su duba su rubuta adadin abin da ya taru su wuce. Amsata kai tsaye ita ce yana cikin aikinki, kuma tun a makaranta aka koyar da ke. Cikin buƙatu 14 na mara lafiya da masaniyar jinya Virginia Henderson ta lissafa, waɗanda kusan kowace ɗalibar jinya ta haddace domin jarrabawa, akwai yin ibada bisa imanin mutum, kuma ta jera ta tare da numfashi da ci da sha da barci. Kundin ɗa'a na majalisar ma'aikatan jinya ta duniya, wanda aka fara amincewa da shi a 1953 aka kuma sabunta shi a 2021, shi ma ya ɗora mana mutunta al'adu da imanin wanda muke jinya. Mutumin da ya daina ci ya daina barci saboda yana ganin an raba shi da Ubangijinsa zai shiga ɗakin tiyata da raunin jiki, kuma wannan matsala ce ta jinya ko da asalinta daga zuciya take.

Amma abin da ya fi gaggawa shi ne zare bututun da ɗan yake yi, kuma wannan ba ya jiran gobe. Robar fitsari da jakarta an yi su ne su zauna a haɗe, a rufe, domin duk lokacin da aka raba su an buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya zuwa mafitsara, daga can kuma suna iya hawa ƙoda ko su shiga jini, wanda ga dattijo mai jiran tiyata babban haɗari ne. Ki kira ɗan gefe, ba a gaban mahaifinsa ko sauran marasa lafiya ba, ki fara da yaba masa niyyarsa, sannan ki bayyana masa haɗarin. Ki nuna masa abin da za a iya yi maimakon haka: a juye jakar ta famfon da ke ƙasanta gab da lokacin sallah, a goge bakin famfon, a rataye ta a gefen gado ƙasa da mafitsara ba tare da ta taɓa ƙasa ba, a rufe ta da zane mai tsabta idan ganinta ne ke damun Baba. Ki sanar da sista mai kula da sashen da likita cewa an taɓa zare bututun, ki rubuta a fayil, a kuma sa ido a kan zazzaɓi da launin fitsarin.

Batun jin nauyi kuwa, ba sai ke ce za ki yi masa bayanin tsarki ba. Ki gaishe shi a matsayin 'yarsa, ki ce, "Baba, lokacin sallah ya yi, in ja maka labule in sa a kawo buta?" Sauran maganar ta bi ta bakin ɗansa ko wani abokin aikinki namiji.

Amsa daga wani malamin fiƙihu:

Malama, Allah Ya saka miki da alheri, kuma tsoron da kike yi na yin fatawa ba da ilimi ba tsoro ne mai kyau. Sai dai wannan mas'ala ba sabuwa ba ce, tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi yawan mutanenmu ke bi, fitsarin da ke fita ba da ikon mutum ba, idan ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta ce mustahabbi ne ga mai yoyon fitsari ya sake alwala domin kowace sallah. Wanda aka sa wa roba kuwa fitsarinsa na sauka ne dare da rana ba tare da ya sani ba, don haka ya fi kowa cancantar wannan rangwame. Gusar da najasa kuma sharaɗi ne tare da tunawa da samun iko, wanda ba shi da ikon raba kansa da ita sai da cutuwa, sallarsa ta inganta a yadda yake.

Sahabi Imrana ɗan Husaini yana fama da basir, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sallah, sai ya ce masa ya yi a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Hadisin yana cikin Bukhari. Risala ta ƙara da cewa mara lafiya kada ya jinkirta sallah muddin yana cikin hankalinsa, ya yi ta gwargwadon ikonsa. Saboda haka abin da dattijon nan ya ɗauka girmama sallah ne, wato barinta har a cire robar, shi ne ainihin abin da aka hana, kuma na tabbata idan ya ji haka daga bakin wanda ya yarda da iliminsa, nauyin da ke ƙirjinsa zai sauka.

Idan ruwa zai cutar da shi, ko babu mai miƙa masa, sai ya yi taimama, kamar yadda aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta ba marasa lafiya dama. A nan akwai abin da ma'aikatan asibiti ya kamata su sani: Risala ta halatta taimama da bangon da ke kusa da mara lafiya idan na ƙasa ne, amma ban da wanda aka shafe da farar ƙasa ko makamancinta. Bangon asibiti siminti ne da fenti, don haka a ce wa iyalinsa su kawo ɗan dutse mai tsabta a ajiye masa a kan akwatin gefen gado. Inda aka sa filasta ko bandeji, kamar wurin allurar ƙarin ruwa a bayan hannu, shafa ake yi a kai, ba a ɓare shi. Alƙibla daga ƙasar Hausa gabas ce mai ɗan karkata zuwa arewa, idan ana iya juya shi a juya, idan ba a iyawa ya yi ta inda fuskarsa take. An kuma yarje wa mara lafiya ya haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i, idan yana tsoron hankalinsa zai gushe, kuma wannan ƙofa ce da ya kamata a tuna masa da ita ranar tiyata.

Shawarata ita ce ki tambayi ɗan ko wane malami mahaifinsa yake girmamawa, a kira shi ya zo duba shi ko a haɗa su ta waya. In ba a samu ba, limamin masallacin asibitin ya isa. Dattijo irin wannan ba lallai ya karɓi hukunci daga sa'ar jikarsa ba, amma zai karɓa daga limaminsa.

Amsa daga wani ma'aikacin jinya, namiji:

Na yarda da Hajiya da Malam, amma ina ganin kada mu yi watsi da maganar abokiyar aikinki gaba ɗaya, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Na ga ma'aikatan da suka mayar da gefen gado mumbarin wa'azi, suna ce wa mara lafiya ciwonsa sakamakon zunubi ne, ko suna gyara masa yadda yake ajiye hannu a sallah bisa fahimtar ƙungiyarsu. Mutumin da ke kwance, wanda yake jiran ki ba shi maganin ciwo, ba shi da bakin da zai ce miki a'a, kuma amfani da wannan rauni nasa zalunci ne. Aikinmu shi ne mu tambaya, mu saurara, mu share hanya, mu kira wanda ya dace. Idan mara lafiya ya ce ba ya son a yi masa maganar addini, a bar shi, a ci gaba da jinyarsa ba tare da sauya fuska ba. Sannan a aikin dare, inda mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da sashe guda, ba za ki iya kai wa kowa buta ba, don haka ki koya wa masu jinyarsa yadda za su yi, ki kuma faɗa lokacin miƙa aiki domin wanda ya karɓe ki ya ci gaba.

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya Kirista:

'Yar'uwata, ni Kirista ce, kuma mafi yawan waɗanda na yi jinya Musulmi ne. Abin da ya taimake ni shi ne tambaya tun ranar da aka kwantar da mutum: ko akwai wani abu na ibada da yake so mu kiyaye masa, ko akwai abin da ba ya ci, ko wa yake so a kira idan jiki ya tsananta. Da haka na koyi kaucewa wankin ciwo a daidai lokacin Magariba idan babu gaggawa, na kuma koyi cewa idan rai ya zo gargara sai in matso da ɗan'uwan mara lafiya kusa da kunnensa domin ya laƙƙana masa kalmar shahada, in ja labule, in hana hayaniya. Ina roƙonku ku yi wa namu haka idan suka faɗo hannunku. Ɗan Katolika da jikinsa ya yi tsanani yana so a kira masa fada, wato limamin cocinsu, ya shafa masa mai, wani kuma fastonsa yake so ya zo su yi addu'a, kuma sau da yawa a sashen da kowa Musulmi ne yana jin nauyin ya nema.

Amsa daga wani likita mai ba da maganin barci a ɗakin tiyata:

Sista, ni zan tsaya a kan rubutun, domin shi ne ya shafi ɓangarena. Kada ki ƙwace jarkar, kada kuma ki nuna raini gare ta, domin ranar da kika yi haka za su koma ba shi a ɓoye, kuma abin da aka sha a ɓoye shi ne yake ba mu wahala. Dalilin da ya sa muke hana ci da sha kafin tiyata shi ne, idan aka sa mutum barci, abin da ke cikinsa yana iya dawowa ya faɗa huhu, wanda kan jawo ciwon huhu mai tsanani har ma da rasa rai. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 babu abinci, awa 2 babu ko da ruwa tsantsa, amma ki bi abin da aka rubuta masa a fayil, domin wani mara lafiyan ana tsawaita masa. Ni ban lissafa rubutu cikin ruwa tsantsa, saboda akwai tawada da ƙaro a ciki, kuma wasu suna haɗa shi da saiwoyi ko garin magani da ba mu san abin da za su yi wa ƙoda ko jini ba.

Ki tambaye su a natse ko rubutu ne zalla ko an gauraya shi da wani abu, da wane ruwa aka wanke allon, kuma kwana nawa yake yi a jarkar. Idan akwai haɗi, ki sanar da mu tun kafin ranar. Duk abin da ya sha ki shigar da shi takardar lissafin ruwan da ke shiga da wanda ke fita, tunda toshewar fitsari na iya taɓa ƙoda. Daga lokacin da aka hana shi ci da sha kuwa, ki gaya wa iyalin a fili cewa ko zamzam ba za a ba shi ba, amma suna iya yi masa tofi, su shafa masa rubutun a goshi da hannuwa nesa da inda za a yanka da inda aka sa allura, su kuma raka shi da addu'a har bakin ƙofar ɗakin tiyata. Idan yana da laya ko zobe a jikinsa, a cire a damƙa wa ɗansa a gabansa. Da safen ranar, kafin a turo shi, ki tambayi wanda ya kwana da shi, ba wanda ya zo da safe ba, ko an ba shi wani abu cikin dare, kuma idan an ba shi ki gaya mana ƙarfe nawa ne.