An cika katirij da tawada: baƙi ya ƙi fita, mai kala kuma yana ɗiga

Mai_Koyo:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana. Firinta ce Canon PIXMA mai katirij biyu, wato akwatunan tawada, PG-545 na baƙi da CL-546 na kala. An zuba wa kowannensu tawada da sirinji, sai ga matsaloli uku. Baƙin ba ya fita, sai ɗan dishi-dishi a layukan farko. Rawaya ta koma kore mai dauɗa, kuma ana ganin tawada tana taruwa a ƙasan katirij ɗin. Sannan firintar tana nuna lamba 1688, wai tawada ta ƙare. An sa ta wanke kai, wato sashen da ke fesa tawada, har sau 6, babu canji. Shin sun mutu ne, ko da sauran gyara? Kuma mil (mililita) nawa ya kamata a riƙa zubawa?

Bakanike_Firinta:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, ka dakata da wankin kai ɗin nan. Kowane wanki famfo ne ke zuƙo tawada ta ƙasa ya zubar a soson datti na cikin firinta. Idan iska ce ta tare hanya, sau 20 ma ba zai buɗe ba, asarar tawada kawai za a yi.

Lamba 1688 ita ce mafi sauƙi. Firintar ba ta leƙa cikin katirij ta ga abin da ya rage, ƙirga ɗigon da ta fesa take yi, kuma lissafinta ya nuna an shanye. Danna madannin tsayarwa, mai alamar kusurwa uku a cikin da'ira, ka riƙe shi daƙiƙa 5 ko fiye har fitilar gargaɗi ta mutu. Haka ake yi wa 1686, da E13 da E16 a masu ƙaramin allo. Za ta sake tambaya idan lissafin ɗayan katirij ɗin ya kai, sai ka maimaita. Amma daga ranar ba za ta ƙara gaya maka yawan tawada ba, idonka ne ma'auni.

Sauran matsalolin biyu tushensu ɗaya. A cikin katirij soso ne, aikinsa ya riƙe tawada da ɗan ƙarfi kaɗan, yadda ba za ta zubo da kanta ba amma kuma ramukan feshi za su iya jawo ta. A ƙarƙashin takardar da aka manna a sama akwai 'yar siririyar hanyar iska mai lanƙwashe-lanƙwashe. Tawada na fita ta ƙasa, iska na maye gurbinta ta sama. Idan aka cika soson ya wuce ƙima, riƙon ya tafi, sai ɗiga. Idan aka toshe hanyar iska da salatif, ko kumfa ta tsaya tsakanin soso da matatar da ke ƙasa, sai tawada ta ƙi sauka. Naka na kala ya sha da yawa, na baƙin kuma alamu sun fi nuna iska.

Ga gwajin da zai raba gardama. Ninka tishu mai kauri, ka ɗan jiƙa shi da ruwa mai ɗumi, ka dangwala ƙasan katirij a kai na daƙiƙa 3. Lafiyayyen baƙi zai bar layi ɗaya baƙi wuluk. Mai kala zai bar layi uku a jere, shuɗi da ja da rawaya, kowanne da iyakarsa.

Na kala, wanda kowane launi da ɗakinsa a ciki: mayar da allura cikin kowane ramin sama da aka zuba tawada ta cikinsa, ka zuƙe kamar mil 1. Ka ci gaba da dangwalawa a busasshen tishu har ya daina jiƙewa da kansa. Abin da ya faru shi ne tawada ta taru a farantin ƙasa mai ramukan feshi, ɗakin rawaya ya tsotse shuɗi ta ramukansa, shi ya sa kake ganin kore. Bayan ɗigar ta tsaya, buga shafi 2 ko 3 cike da rawaya zalla. Idan gurɓatar a bakin ramuka ta tsaya, za ka ga launin yana washewa tun a shafin farko.

Na baƙi: tabbatar ramin sama a buɗe yake. Idan akwai maƙalar zuƙo tawada, wadda ake sa katirij a ciki a haɗa da sirinji ta ƙasa, ja mil 1 a hankali har ka ga tawada na zuwa babu kumfa. Idan babu, naɗe ƙasan da tishu, ka riƙe katirij ramukan na kallon ƙasa, ka yarfa shi da ƙarfi sau 3 ko 4 a cikin leda. Sa safar hannu, tawadar baƙi ba ta saurin fita daga fata.

Batun awo kuwa, PG-545 na yau da kullum mil 8 yake zuwa da shi daga kamfani, mai XL kuma mil 15. Soso ba ya taɓa bushewa ƙarƙaf, saboda haka mil 5 zuwa 6 ya ishi ƙaramin, 10 zuwa 11 babban. Mai kala mil 2 zuwa 3 a kowane ɗaki. Allura ta shiga rabin soso ko ta ɗan wuce, kada ta kai ƙasa ta huda matata. Tura a hankali, mil 1 cikin daƙiƙa 10, da ka ga tawada ta leƙo bakin rami ka tsaya ka ja kaɗan baya. Kowane launi da sirinjinsa. Kuma kada ka amince da zanen da ke kan takardar sama wajen gane ɗakin launi: sa tsinken sakace a ramin sama, launin da ya fito a jikinsa shi ne gaskiya.

Malama_Zane:

Bayanin Bakanike ya yi daidai. Abin da zan ƙara shi ne irin tawadar da aka zuba, don mai tambaya bai faɗa ba.

PG da ke jikin baƙin yana nufin tawada mai ƙwayoyin launi, wato gari ne mai laushi ƙwarai yake yawo a cikin ruwa. Ita ce ke ba rubutu kaifi a takarda ta yau da kullum, kuma ba ta saurin narkewa idan ruwa ya taɓa. Ta CL rini ce da ta narke gaba ɗaya. Kwalaben da ake rubuta wa cewa suna yi wa kowace firinta, yawanci rini ne. Rini zai yi aiki a katirij na baƙi, sai dai rubutun ba zai kai na asali duhu ba. Akasin haka ne ke da haɗari: zuba mai ƙwayoyi a ɗakin kala, ko gauraya tawadar kamfanoni daban-daban, yana iya sa ta dunƙule. Ramukan nan sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ɗan gudaji kaɗan ya isa ya rufe su. Tawadar da aka yi don buga hoto a riga ko kofi da zafi kuwa, kada ta kusanci wannan katirij ɗin sam, ta firintocin Epson ce.

Idan toshewa ce ta bushewa, zuba tataccen ruwa mai ɗumi a faranti, zurfinsa kada ya wuce milimita 3 zuwa 5, ka tsayar da katirij a ciki minti 10. Farantin ramuka kaɗai zai taɓa ruwa. Tataccen ruwa nake nufi, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ɗin batir ba. Ruwan famfo yana da gishiri-gishirin da ke bushewa a cikin ramuka ya ƙara wani toshin. Ban goyi bayan tafasasshen ruwa da wasu ke ba da shawara ba, domin farantin manne shi aka yi, zafi mai yawa yana sassauta gam ɗin, daga nan launuka su riƙa haɗuwa har abada. Kada kuma a goge ramukan da ƙarfi ko a sa musu allura. Dangwalawa kawai.

Mai_Koyo:

Allah ya saka da alheri. Lambar ta tafi, ɗigar ta tsaya, rawaya ta dawo a shafi na biyu. Baƙin ne har yanzu. A tishu yana ba da layi mai kyau, baƙi sosai, amma a takarda rabin kowane harafi ne ke fita, kuma a wuri ɗaya yake yankewa kullum.

Bakanike_Firinta:

To Malam, wannan bayanin ya sauya lissafi. Tunda yana jiƙa tishu, tawada tana isowa ramuka. Saura wuta.

Buga shafin gwajin ramukan feshi daga sashen kula da firinta ka duba ragar baƙin da ke sama. Idan giɓin yana nan da can, kuma yana canza wuri daga gwaji zuwa gwaji, iska ce ko datti. Idan kuwa rabin ragar ne ya ɓace cif, ko layi ɗaya na fita ɗaya na ɓacewa a tsare, wannan aikin lantarki ne, domin rukuni-rukuni ake kunna ramukan.

Cire katirij, ka dubi ɗigo-ɗigon tagulla da ke bayansa. Tawada kan fantsama a kansu lokacin cikawa, ko yatsa ya bar maiƙo. Goge su da tsumma marar gashi da aka ɗan taɓa da sifirit, ka goge takwarorinsu masu tsini a cikin mazaunin katirij a hankali bayan ka zare firintar daga wuta. Bari su bushe minti 10. Mayar da shi har ka ji ya yi ƙas.

Idan bayan haka ragar tana nan yadda take, kan ya ƙone, kuma ba a gyara shi. Dalili kuwa, a irin wannan fasaha ta Canon da HP, bayan kowane rami akwai ɗan mitsitsin abin dumama da ke kai zafi wajen digiri 300 cikin ƙiftawar ido. Tawada ta tafasa ta yi kumfa, kumfar ta harbo ɗigo waje. Tawadar da ke shigowa ita ce ke sanyaya shi. Duk shafin da aka buga bayan rubutu ya fara dusashewa, da busasshen kai aka buga shi. Shi ya sa katirij ɗin da aka cika tun yana da saura yakan jure cikawa sau da dama, wanda aka tatse har ƙarshe kuwa wani lokaci ko sau ɗaya ba ya kaiwa. Tunda ka kashe ma'aunin tawada, sai ka riƙa ƙara mil 3 zuwa 4 da ka ga alamar farko ta dusashewa. Wanda yake da ƙaramin sikeli zai fi samun daidai: mil 1 na tawada kusan giram 1 ne, auna katirij yana cike ka rubuta nauyin a jikinsa.

Kafin ka samo sabo, a manhajar firintar akwai inda ake zaɓar a yi bugu da katirij na kala kaɗai. Za ta haɗa launuka uku ta yi baƙi mai ɗan toka-toka. Amma dole mataccen ya zauna a mazauninsa, ba ta aiki da gurbi a wofi.

Injiniya_Lantarki:

Ina so in ja hankalin masu karantawa da firintarsu ba Canon ba ce, kada su ɗauki komai su yi amfani da shi yadda yake.

Ƙananan katirij na HP sosonsu bai cika akwatin ba. HP 305 na baƙi mil 2 kacal yake ɗauka daga kamfani, 305XL mil 4. Wanda ya zuba mil 6 don ya ga akwatin da girma, tawada za ta kwanta a fili inda babu soso ta riƙa tsiyaya. Haka kuma lambobinsu na yanki ne: 302 da 63 da 123 kamarsu ɗaya, amma firintar da aka yi wa ɗaya ba ta karɓar ɗayan. Tun 2016 HP ta sa tsarin da ke ƙin katirij mai cif (ɗan guntun lantarkin da firinta ke gane katirij da shi) na wani kamfani, kuma sabunta manhajar cikin firinta kan ƙara tsananta shi. Katirij na asali da aka sake cikawa yana riƙe da lantarkinsa na HP, galibi gargaɗi kawai zai nuna a danna a wuce. Na tsarin Instant Ink kuwa, wanda ake rajista ana biyan kuɗi HP na turo tawada, ba ya aiki idan rajista ta ƙare, ko an cika shi.

Epson da Brother wata hanya suka bi. Kansu ba ya dumama tawada, wani ɗan abu ne ke lanƙwasa idan wuta ta shige shi ya turo ɗigon. Kan yana jikin firinta, katirij tanki ne kawai. Ba ya ƙonewa kamar na Canon, amma idan iska ta shiga ko ya bushe, gyaransa ya fi wuya, canza shi kuma babban aiki ne. A ta Epson ƙa'idar ita ce wanki 3, sannan a bar firinta ta huta awa 6 zuwa 12 gwargwadon samfurinta, kumfa ta lafa, busasshiyar tawada ta jiƙa. Canon ma ta ce bayan wanki mai zurfi a jira awa 24.

Malam Mai_Koyo, wankin nan 6 da ɗigar da aka yi duk sun sauka a wurin da katirij ke fakawa, a gefen dama. Akwai robar da ke rufe ramuka da wani ɗan siririn magogi. Idan tawada ta daskare a kansu, robar ba za ta kama da kyau ba, sabon katirij ma zai bushe cikin 'yan kwanaki, magogin kuma ya riƙa shafa baƙi a kan rawaya. Buɗe murfi, katirij su zo tsakiya, zare wuta, ka share su da auduga mai tsinke da tataccen ruwa. Kula da siririn tef mai haske da ya ratsa bayan mazaunin daga gefe zuwa gefe. Da shi firinta ke gane inda kai yake, tabon tawada ɗaya a jikinsa yana sa layukan tsaye su karkace.

Soson dattin ma yana da lissafinsa. Canon takan nuna 1700 idan ya kusa cika, 5B00 idan ya cika. Share lambar ba tare da an canza ko an wanke soson ba yana nufin wata rana tawada za ta fito ta ƙasan firinta. Sannan a riƙa kashe ta da madanninta, a jira motsi ya tsaya kafin a zare waya, don kan ya koma kan robarsa. Shafi ɗaya mai ɗauke da duka launuka huɗu a kowane mako ya isa ya hana ramukan bushewa.