Littafin jagorar manhaja: in ci gaba da Word ko in koma VS Code?

Ɗan Gesse: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa wa wani kamfanin casar shinkafa a nan Birnin Kebbi manhajar lissafin buhunan da ke shiga da fita. Littafin jagorar a Word na rubuta shi, duk gyaran da na yi sai in mai da shi PDF in tura ta WhatsApp. Yanzu kwafi huɗu ke yawo, jiya har an yi cacar baki wajen sikeli saboda wani na bin tsohon. Ina tunanin in koma Markdown (rubutu zalla mai 'yan alamomin tsari) cikin VS Code, manhajar rubuta kod, in sa ekstenshan (ƙarin manhaja) ɗin Markdown All in One, in gina shafin intanet da MkDocs, in ɗora a GitHub Pages, inda GitHub ke ɗaukar shafukan intanet. Ku lura: kwamfutata ram 4 ce, rumbun kod ɗin da ke GitHub na sirri ne, littafin da Hausa yake, ma'aikatan kuma waya kaɗai gare su. Wa ya taɓa yi?

Sarkin React: Gina shafin da Docusaurus kawai, maimakon MkDocs. Na Meta ne, ka ga kuwa ba wasa.

Ummu Haidar: Ram 4 fa ya ce. Kafin Node, wanda Docusaurus ke aiki da shi, ya gama sauke kayansa ya cinye masa datar wata.

Malam na Aliero: Wa alaikumus salam. Ɗana, fara rarrabe abu biyu. Ekstenshan ba shi ke gina shafin ba. Taimakon rubutu yake yi, ya jera maka kanun batutuwa, ya daidaita tebur. Duba yadda shafi zai fito ma VS Code na yi da kansa, danna Ctrl+Shift+V. Mai ginin shi ne MkDocs, da Python yake aiki, kuma ba shi da nauyi. Ka buga mkdocs serve ka gani a kwamfutarka, in ya yi, mkdocs gh-deploy ya tura. Sai dai asusun GitHub na kyauta ba ya ba ka Pages daga rumbun sirri, don haka buɗe wa littafin nasa rumbu daban. Shafin kuma kowa a duniya na iya buɗe shi.

Bazamfare: Ni dai shawarata kar ka rubuta komai. Wallahi abin da ya same ni ke nan a Gusau. Wata makarantar kuɗi na yi wa manhajar sakamakon jarrabawa, duk zango suna kirana in saita musu, ana ba ni ɗan abin sa wa a baka. Sai mai makarantar ya ce, "Yaro, rubuta muna yadda ake yi, ko da Allah ya yi ba ka kusa." Na zauna sati uku. Da Sphinx na yi, wata manhajar haɗa littafin jagora, hoto bayan hoto, har yadda ake ajiye kwafin bayanai da dawo da shi in kwamfuta ta mutu. Ya duba ya ce Allah shi yi albarka. Zango na gaba shiru. Da na bincika, ashe ɗan ƙanwarsa da ya gama bautar ƙasa aka miƙa wa littafin, shi ka yin aikin yanzu. Cikon kuɗina dubu arba'in har yau ana "za a duba". Da hannuna na rubuta takardar sallamata, har da hotuna masu launi.

Ummu Haidar: Innalillahi. Amma ai laifin rashin yarjejeniya ne, ba na littafin ba.

Bazamfare: Hajiya, mutumin da ke sahun gaba a masallacinmu zan ce wa sa hannu a takarda?

Na Argungu: Ka ba shi kifi, ka ba shi koma, ka haɗa masa da kwalekwalen 😂

Ɗan Jega: Nawa ma ake karɓa a irin wannan? Ni dubu talatin na karɓa, shafi ashirin.

Sarkin React: Talatin? Kun ga masu kashe kasuwa. Ƙasa da dubu ɗari da hamsin ba na buɗe kwamfuta.

Ɗan Jega: A Abuja kake. Zo Jega ka faɗa wa Alhaji haka ranar kasuwa, ka ga ko ruwa zai ba ka.

Malam na Aliero: Mu koma kan tambaya. Akwai tarko ga mai rubutun Hausa. MkDocs na haɗa adireshin kowane kan batu daga kalmominsa, kuma yadda ya zo, yana zubar da ƙ da ɗ da ɓ. "Ƙara ɗalibi" sai ya koma ara-alibi. In ka rubuta mahaɗi da hannu kana zaton kara-dalibi ne, ba zai kai ko'ina ba. Ana gyarawa a fayil ɗin saiti na mkdocs.yml, a sa slugify_unicode ƙarƙashin toc, wato sashen kanun batutuwa.

Sarkin React: Da girmamawa Malam, wannan ilimin aji ne. Shafi nawa ka ɗora wa mai biyan kuɗi?

Ummu Haidar: Kai da ba ka karanta tambayar ba kake tambayar Malam shaida? Ni na faɗa wannan ramin, kwana biyu ina neman dalili.

Bazamfare: Duk ku bar wannan. A watan Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, wane shafi ka buɗuwa? Mutane sai sun bar jihar kafin su tura saƙo. Wanda ke da PDF cikin wayarsa shi ya tsira.

Ɗan Jega: Ba sai an katse ba ma. Mu nan wuta ce matsalar. Kwana uku ke nan, cajin kwamfuta sai na kai shago.

Na Argungu: Uku? Mu taransifomarmu tun kafin azumi, an tara kuɗi sau biyu.

Ɗan Gesse: Na gode duka. To in yi shafin kuma in riƙa fitar da PDF? Ai kwafi huɗun nan ne za su dawo.

Ɗan Jega: Na Argungu, nawa kowane gida ya bayar a naku? Mu dubu biyar-biyar aka yanka mana.