Lambun gida a bazarar Katsina

Da muka tattauna a unguwarmu kan shukokin da zafin Afrilu ke ƙonawa, kowa ya yarda a riƙa ban ruwa da asuba, a gindi, ya jiƙa ƙasa sosai. Yayyafin tsakar rana ɓarnar ruwa ne kawai. Wata dattijuwa ta dage a rufe gindin shuka da ƙaiƙayi ko busasshen ganye, kuma ni ma na gwada, damshi yana kaiwa yamma. A kafa rumfar zana ta ɓangaren yamma, don alayyafo da na'a-na'a ba sa jure ranar azahar. Tumatir kuwa furensa yana zubewa idan zafi ya haura 35, gara a koma ga kuɓewa, yakuwa da zogale. Kashin kaji ɗanye yana ƙona saiwa, a bari ya ruɓe tukuna.