Na koma aiki, yarinya ta ƙi shan nonon da nake tatsewa

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ma'aikatan jinya da ungozoma.

Bayan shekara 6 ina gida na koma koyarwa a firamare, fita 7 na safe, dawowa 2 na rana. Yarinyata wata 5, nono zalla take sha, kuma ina son ta cika wata 6 a haka.

Kullum bayan isha'i da kuma da asuba nakan tatsa da hannu, in samu kamar mil 200, in raba a kofuna biyu masu murfi da na tafasa. Na asuba tana karɓa lafiya da ƙarfe 9. Na daren jiya ne matsalar. Yana kwana a firij, in an ɗauke wuta in mayar da shi kula da ƙanƙara. Goggona tana ɗumama shi cikin ruwan ɗumi, ba a kan wuta ba, amma da ya taɓa harshenta sai ta tofar, ta yi ta tsala kuka har in dawo.

Mun gwada fida da kan roba iri biyu, mun gwada kofi da cokali, duk ɗaya. Na shinshina na ɗanɗana: bai yi tsami ba, bai guda ba, sai dai wani ƙarni kamar na sabulu. Na canza kofunan, na daina wanke su da omo, ƙarnin yana nan. A makaranta kuma ba wurin tatsa, kafin a tashi nono ya cika ya yi tauri.

Me zan yi wa nonon dare tun lokacin tatsa don kada ya yi wannan ƙarnin kafin tsakar rana?

Na gode.